Yadda Ake Mayar da Zane Sana'a Mai Ɗorewa a Kaduna Ba Tare da Zuciya Ta Karaya Ba

Na haura shekara 15 ina ciyar da iyalina da zane a garin Kaduna, kuma a tsawon wannan lokaci na ga matasa da yawa waɗanda hannunsu ya fi nawa kyau sun ajiye burushi sun koma wata sana'ar. Da na bi diddigin abin da ya fitar da su, ban samu ko mutum ɗaya da baiwarsa ta ƙare ba. Abin da ya kayar da su shi ne rashin tsari. Ba su san nawa suke kashewa a kan aiki ba, suna karɓar aiki ba tare da sharaɗi ba, kuma duk makon da ba a yi ciniki ba sai su ɗauka su ne ba su da daraja. Wannan bayani na mafari ne, namiji ko mace, wanda ya riga ya iya riƙe fensir kuma yake son zane ya zama hanyar abincinsa na shekaru masu yawa.

Kayan da za ka tanada

Ka fara da fensir masu lamba HB da 2B da 4B da 6B, da gawayin zane, da abin goge fensir, da littafin zane mai takarda mai kauri. A ɓangaren fenti ina ba mafari shawarar ya fara da akirilik, domin da ruwa ake sirka shi, yana bushewa da wuri, kuma ba ya buƙatar sinadarin da ke hawa kai. Launi shida sun isa: fari, baƙi, ja, shuɗi, rawaya da ruwan ƙasa. Ka sayi farin da ya ninka sauran yawa, saboda shi ne yake fara ƙarewa. Burushi huɗu masu kyau, biyu masu faɗi biyu masu tsini, sun fi guda ashirin masu zubar da gashi.

Idan kanbas ɗin da aka riga aka ɗaure ya fi ƙarfin aljihunka, ka sayi yadin auduga mai kauri a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci, ka sa kafinta a Panteka ya haɗa maka katako mai kusurwa huɗu, sannan ka ja yadin ka ɗaure shi ta baya. Ka gauraya farin fentin gini na ruwa da farin gam na kafintoci, ka shafa sau uku, kana barin kowane shafi ya bushe sarai kafin na gaba. Wannan ya wadatar wajen koyo da ƙananan ayyuka, amma bai kai sharar fage ta asali, wato shafin farko na musamman da ake yi wa kanbas, da ake sayarwa a shagunan kayan zane ƙarko ba, don haka kada ka ɗora aiki mai tsada a kansa.

Akwai kaya uku da mafari suke rainawa alhali su ne ƙashin bayan sana'ar: waya mai ɗaukar hoto sosai, littafin lissafi na takarda, da asusun banki wanda ba ka taɓa shi don cefane. Idan ba ka da ɗakin aiki, kusurwar zaure ko baranda mai samun hasken rana ta isa, muddin akwai akwati mai murfi da za ka riƙa kulle kayanka saboda yara da ƙura.

Mataki na 1: Ka tsayar da lokacin aiki

Ka zaɓi awa biyu ko uku a kowace ranar aiki waɗanda ba ka yin komai a cikinsu sai zane, ko akwai aikin kuɗi ko babu. Ni na fi son daga fitowar rana zuwa hantsi, domin hasken lokacin yana nuna launi a kan gaskiyarsa, kuma ba na jiran wutar lantarki. Launin da aka haɗa a ƙarƙashin ƙwan fitila yakan canza kama idan gari ya waye, kuma mafari da yawa sun sha mamakin fuskar da suka zana da dare ta wayi gari ta yi ja fiye da kima. Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran sai sha'awa ta motsa kafin a zauna. Ka zauna tukuna, ka fara da zanen hannunka na hagu ko butar da ke gabanka na minti goma, sha'awar takan riske ka a kan aikin. Ka rubuta kwanan wata a bayan kowace takarda, kuma kada ka yaga ko ɗaya.

Yanayin Kaduna yana shiga cikin wannan lissafi. Da hunturu akirilik yana bushewa a kan faranti kafin ka gama haɗa launi, don haka ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a tire ka ɗora takarda mai santsi a kai ka zuba fentin, sannan ka rufe taga saboda ƙura tana manne wa ɗanyen fenti. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, danshi yana sa kanbas fumfuna. Kada ka jingina aiki da bango kai tsaye ko ka ajiye shi a ƙasa, inda gara ma za ta iya kai masa.

Mataki na 2: Ka zaɓi fanninka, ka san masu sayensa

Masu sayen zane a wannan gari ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu son hoton mutum don kyautar aure, ko ritaya, ko naɗin sarauta. Akwai masu son zayyana da rubutun Larabci don falo ko ofis. Akwai makarantu da gidajen abinci da shaguna masu neman zanen bango da allon talla, sannan akwai marubuta da 'yan kasuwa masu neman bangon littafi da tambari da ake yi a kwamfuta. Ya kamata ka sani tun farko cewa gidaje da yawa a nan ba sa rataya hoton mai rai saboda dalilin addini, wasu masu zanen ma ba sa yin sa. Wannan ba ya rufe maka ƙofa, domin zayyana, da zanen gine-gine, da duwatsu da kogi, da ado irin na dagi da aska takwas, duk suna da masu nema. Ka zaɓi fanni ɗaya da za a san ka da shi, da na biyu wanda zai riƙa kawo kuɗin yau da kullum.

A nan ne nake so ka dakata ka yi tunani, domin yawancin matasanmu suna buɗe waya su kwaikwayi abin da wani ya zana a Amurka ko Legas, har ta kai ayyukan mutum goma ba a iya bambance su. Alhali a Zariya, tafiyar kusan kilomita 80 daga nan, aka taɓa warware wannan matsala. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Matsayarsu ita ce su riƙe dabarun da malamansu Turawa suka koya musu, amma kowa ya koma ga adon al'ummarsa ya ɗebo abin da zai gina aikinsa a kai. Wannan ne ya sa har yau ake gane hannun kowannensu.

Kai ma kana da rijiyar da za ka ɗiba. Ka je gidan adana kayan tarihi da ke Titin Ali Akilu da littafinka, ka zauna gaban kawunan yumɓu na Nok, wato na wata daɗaɗɗiyar al'umma da ta rayu a kudancin Kaduna, ka zana su, ka lura da yadda aka huda idanu da yadda aka tsara gashi. Ka nemi hotunan birnin Zariya ka ga lanƙwasassun ginshiƙan rufi, waɗanda magina ke kira bakan gizo, na tsohon masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ka dubi aikin wuyan babbar riga, da sassaƙar ƙwarya, da allon zayyana na saukar karatu. A ganina wata uku na irin wannan kallo ya fi shekara guda ta kwaikwayon hotunan intanet amfani.

Mataki na 3: Ka tara ayyukan nuni

Kafin ka fara tallata kanka, ka kammala ayyuka 10 zuwa 12 a fannin da ka zaɓa. Ka ɗauki hoton kowanne a inuwa da safe, wayar tana daidai tsakiyar aikin, ba tare da walƙiyar kyamara ba. Ka sa su a WhatsApp da Instagram ko Facebook tare da girman aikin da irin kayan da aka yi shi da su. Kada ka haɗa har da waɗanda kai kanka ba ka gamsu da su ba don kawai su yi yawa, saboda mai saye da mafi rauninsu yake auna ka.

Mataki na 4: Ka koyi yanke farashi

Wannan shi ne matakin da ya fi kayar da mutane, kuma dalilin shi ne kunya. Mafari yakan kalli fuskar mai saye ya faɗi abin da yake jin ba za a ƙi ba. Hanyar da ta fi ita ce a yi lissafi tun kafin mai saye ya zo.

Ka fara da kuɗin kayan da aikin zai ci, har da firam da kuɗin motar sayo su. Sannan ka ƙidaya kwanakin aikin, ka ninka da kuɗin yini. Idan ba ka san nawa za ka sa wa yininka ba, ka tambayi abin da ƙwararren magini ko mai fentin gida yake karɓa a yini a unguwarku, kada ka yi ƙasa da shi. A kan jimillar sai ka ɗora kashi 20 cikin 100 don tsufan burushi, da katin waya, da kwanakin da babu aiki. Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don bayani kawai, kai sai ka sa na kasuwar ranar: a ce kaya sun ci naira 15,000, aikin kwana 4 ne a kan 8,000 kowane yini, wato 32,000. Jimilla 47,000, kashi 20 nata kuma 9,400, ka ga an tashi a 56,400. Wannan shi ne ƙasan farashinka. Tunda mutanenmu ba sa sayen abu ba tare da neman ragi ba, sai ka faɗi 65,000 domin a samu wurin sauka. Idan tayin ya gaza ƙasan farashin, ka ce albarka cikin sakin fuska, ko ka nuna masa ƙaramin girma da kuɗinsa zai iya saya. Rage girman aiki ya fi rage darajar yininka.

'Yan uwa da abokai za su zo da maganar a yi musu don zumunci. Ka tsayar wa kanka adadin kyautar da za ka iya yi a shekara, biyu ko uku, ka yi su da zuciya ɗaya. Sauran kuwa ka gaya musu farashin gaskiya, sannan ka faɗi ragin da ka yi musu a fili, domin su san abin da aka ba su. Haka kuma duk wanda ya ce ka yi masa kyauta zai tallata ka a wurin manya, ka nemi ya biya ko da kuɗin kaya ne. A iya abin da na gani, wanda ya ƙi biyan wannan ba ya kawo kowa.

Mataki na 5: Kada ka taɓa burushi sai an yi sharaɗi

A farkon sana'ata wani mutum ya sa na yi masa babban zane na mahaifinsa. Na ranto kuɗi na sayi kaya, na yi mako biyu a kansa, da ya zo sai ya ce a canza hula, bayan an canza ya ce a canza launin riga, daga nan kuma ya daina ɗaukar waya. Hoton mahaifin wani ba ya sayuwa ga kowa, don haka na biya bashin daga aljihuna. Tun daga ranar nake bin ƙa'idoji huɗu, kuma ina rubuta su a saƙon WhatsApp in nemi mai aikin ya amsa da cewa ya amince.

Na farko, rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran rabin kuma kafin aikin ya bar hannuna. Na biyu, girman aikin da ranar gamawa, kuma kullum ina ƙara kwana uku a kan abin da nake tsammani saboda rashin lafiya ko rasuwa ko biki. Na uku, ina tura zanen fensir na farko a amince da shi kafin in sa launi, gyara kuma sau biyu ne kyauta, na uku da kuɗinsa. Na huɗu, ina neman izini a fili kafin in sa hoton aikin a intanet, musamman idan hoton matar aure ne ko na yara, domin wannan amana ce kuma saɓa ta yana iya rufe maka ƙofar dangi guda.

Ka kuma san haƙƙinka. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, sayar da zane ba ya nufin ka sayar da ikon buga shi. Wanda ya sayi aikinka don ya rataya ba shi da damar buga shi a kalanda ko riguna ya sayar, sai idan kun yi yarjejeniyar haka, kuma wannan ciniki ne daban da kuɗinsa daban. Ka sa hannu da shekara a kan kowane aiki. Idan ka fara samun aiki daga makarantu da ma'aikatu, ka yi wa sunan sana'arka rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, saboda yawancinsu sun fi son biya ta asusun kasuwanci tare da rasit.

Mataki na 6: Ka raba kuɗi tun ranar da suka shigo

Kuɗin zane ba albashi ba ne. Ana samun ciniki gab da Sallah, da lokacin bukukuwan aure, da ƙarshen shekara, sannan a yi watanni shiru. Duk kuɗin da ya shigo, ka fara cire na kaya ka mayar asusun sana'a, domin jari ne ba riba ba. Abin da ya rage ka kasa uku: kashi 60 na gida, 25 na ajiyar watannin shiru, 15 na ƙara kayan aiki da koyo. Idan ajiya tana yi maka wuya ka shiga adashi da mutanen da ka yarda da su. Ka rubuta kowace shiga da fita a littafi a ranar da ta faru.

Idan kana da wani aiki, koyarwa ko ɗinki ko tsaron shago, kada ka bar shi da wuri. Ka jira sai zane ya riƙe gidanka wata shida a jere kuma kana da ajiyar wata uku. Koyar da yara zane ranar Asabar, ko a makarantu masu zaman kansu, yana kawo kuɗi mai tabbas kuma ba ya raba ka da fensir.

Mataki na 7: Ka shiga cikin 'yan sana'a

Ka nemi wanda ya girme ka a aikin, ka je masa da ladabi ka ce, "Malam, ina so a duba mini wannan a gaya mini inda na kasa." Ka riƙa leƙa nunin ayyukan ɗalibai a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, ka nemi 'yan Ƙungiyar Masu Zane ta Nijeriya da ke kusa da kai. Idan kuɗin rumfa a kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa ta Kaduna ya yi maka yawa, ku haɗu ku uku ko huɗu ku kama ɗaya. Masu yin firam da masu ɗab'i ma ka riƙe su da kyau, domin su ne ake fara tambaya wa ya iya zane.

Mataki na 8: Ka kula da jikinka da zuciyarka

Jiki shi ne kayan aikin da ba a sayo wani. Ka miƙe ka taka duk bayan minti 40, ka riƙa ɗaga ido kana duban nesa, kuma ka jingina allon aikinka a tsaye maimakon ka duƙa a kansa yini guda. Idan kana aiki da fentin mai da kalanzir ko fentin fesawa, ka yi a inda iska take ratsawa. Kada ka gyara bakin burushi da leɓɓanka, kuma ka wanke hannu kafin cin abinci, saboda wasu launuka suna ɗauke da sinadarai masu guba.

Zuciya kuwa ta fi wuyar tsarewa, domin mai zane yana zuba kansa a cikin aikinsa, idan aka ƙi aikin sai ya ji kamar shi aka ƙi. Abin da ya taimake ni shi ne rarrabe maganganun da ake yi a kan aikina. Idan mai magana ya nuna wuri takamaimai, ya ce idon hagu ya fi na dama girma ko inuwar ba ta bi hasken ba, wannan gyara ne, sai in karɓa in gode ko da ya yi zafi. Idan ya ce launin bai yi masa ba, wannan ra'ayinsa ne, kuma yana da haƙƙinsa. Idan kuma ya ce zane aikin marasa aikin yi ne, to ba da aikina yake magana ba, babu abin da zan ɗauka a ciki. Haka rashin ciniki: sau da yawa yana nuna halin aljihun mutane ne a wannan wata, ba ingancin hannunka ba.

Waya tana da nata ciwon. Abin da kake gani a Instagram shi ne aikin da ya yi kyau a cikin goma, ba a nuna maka tara da aka ɓoye. Kada ka buɗe ta kafin ka gama aikin safe, kuma idan ka lura shafin wani yana sa maka ƙunci da hassada maimakon koyo, ka daina bin sa na ɗan lokaci ba tare da ka ƙullace shi ba.

Iyaye kuma idan suka nuna damuwa, yawanci tsoron talauci suke yi maka, ba ƙin ka ba. Gardama ba ta kwantar musu da hankali. Littafin lissafinka da ɗan abin da kake sakawa a cefanen gida a kai a kai su ne suke yin wannan aikin.

Za a yi lokacin da hannu zai ƙi, ka zauna gaban farin kanbas babu abin da ke zuwa. Kada ka tilasta babban aiki a irin wannan lokaci. Ka ɗauki ƙaramin littafi ka je bakin Kogin Kaduna ko tashar mota ka yi zane-zanen minti biyar waɗanda ba za ka nuna wa kowa ba, ko ka yi aikin hannu kamar ɗaure kanbas da wanke burushi. Ka ware yini ɗaya a mako wanda ba ka aiki, ka yi zumunci a cikinsa, domin zaman kaɗaici na wannan sana'a yana cin mutum a hankali. Amma idan abin ya wuce gajiya, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranka, ka daina jin daɗin komai har fiye da mako biyu, ka gaya wa wani na kusa da kai kuma ka ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma zuwa can neman magani ne kamar na kowace cuta.

Mataki na 9: Ka yi bitar shekara

Sau ɗaya a shekara ka fito da takardun da ka rubuta wa kwanan wata, ka jera na bara kusa da na bana a ƙasa, ka rubuta abu biyu da suka gyaru da abu ɗaya da za ka sa a gaba. Sannan ka buɗe littafin lissafi ka ga wane irin aiki ne ya fi kawo riba idan aka raba da kwanakin da ya ci, da wane wata ne ya fi shiru, domin ka shirya masa ajin yara ko ayyukan nuni. Idan ka ga ayyuka suna jiran layi fiye da wata guda, ka ƙara kuɗin yininka, ka sanar da tsofaffin masu sayenka wata ɗaya kafin sabon farashin ya fara aiki.